Ƙona ƙarin hanta da allura a Alƙahira: abin da na gani lokacin da na raka yayana

Tabon da aikin ya bari a gefen dama na cikin yayana bai wuce girman ƙwayar dawa ba, kuma filasta guda ɗaya ce aka manna a kansa. Duk wanda ya zo gaishe shi bayan mun dawo Kano, idan aka nuna masa wurin, sai ya riƙe baki ya ce ashe abin ma bai kai yadda ake faɗa ba. Wannan magana ce ta sa na ga ya kamata in rubuta yadda aikin yake da yadda na sami hidimar asibitin da aka yi shi, domin ƙanƙantar tabon tana ruɗin mutane, alhali cutar da ake yaƙa da ita ta wannan ƙaramar kafa tana daga cikin mafiya taurin kai a cututtukan hanta.

Cutar yayana sankara ce da ke tasowa daga siraran hanyoyin da ruwan matsarmama ke bi a cikin hanta, wadda likitoci ke kira kolanjiyokasinoma. Ba ita ce sankarar hanta da aka fi sani a ƙasarmu ba, wadda ke tasowa daga naman hantar kansa. Ta yayana ita ce ta biyu a yawa, kuma takan kasance kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na sankarar da ke farawa daga hanta. A arewa maso gabashin Tailan, inda ta fi yawa a duniya, wata tsutsar hanta ce da ake samu ta hanyar cin ɗanyen kifin ruwan daɗi ke jawo ta. A wurin yayana kuwa, abin da likitoci suka fi zargi shi ne ciwon hanta nau'in B da ya daɗe a jikinsa shekara da shekaru bai sani ba. Shekara biyu kafin tafiyarmu an yi masa babbar tiyata aka yanke ɓangaren hagu na hantar, ya sha ƙwayoyin kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, na wata shida, muka ɗauka an rabu ke nan. Sai ga hoton da ake yi masa lokaci zuwa lokaci ya nuna wani sabon ƙari mai faɗin santimita 2.4 a ɓangaren dama. Wannan ba baƙon abu ba ne, domin fiye da rabin waɗanda aka yi wa tiyatar cutar takan dawo musu. Likitansa ya gaya mana cewa sake yanka hanta mai rauni, wadda rabinta ne ya rage, kasada ce babba, ya kuma ce ƙarin yana cikin girman da allura za ta iya ƙonawa.

Mun zaɓi Masar ne saboda kusanci da kuma wani dalili na tarihi da ya kamata mai neman wannan aiki ya sani. Daga shekarun 1950 zuwa na 1980 an yi ta yi wa jama'ar karkarar Masar allurar maganin tsargiya da sirinjin da ba a tsaftace su yadda ya kamata, abin da ya yaɗa ciwon hanta nau'in C har binciken shekarar 2008 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin goma na 'yan shekara 15 zuwa 59 yana ɗauke da cutar. Ƙasar ta yi gagarumin gangamin gwaji da magani daga 2018, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaba mata a 2023, amma shekarun da ta yi tana fama sun bar mata likitocin hanta masu yawa da hannunsu ya faɗa a kan irin wannan aiki. Sai dai akwai abin lura a nan, wanda ban gane shi ba sai da muka zauna gaban likitan. Mafi yawan ƙwarewar tasu a kan sankarar naman hanta ce, wadda sau da yawa ƙarinta yakan zo a dunƙule cikin wata 'yar fata da ta kewaye shi. Ita kuwa ta hanyoyin matsarmama ba ta da wannan iyaka, tana miƙa jijiyoyi cikin naman da ke kewaye da ita kamar saiwar kirikiri a gona. Saboda haka tambayar da ta dace a yi wa likita ita ce guda nawa ya ƙona daga irin wannan cuta takamaimai, domin yawan ƙarin hantar da ya ƙona a jimlace ba zai gaya maka komai a kanta ba.

Asibitin mai zaman kansa ne, a gabashin birnin, ba nisa da unguwar Madinatu Nasr inda muka kama ɗaki. Wani ɗalibin Azhar ɗan Katsina ne ya yi mana tafinta, yaro mai ladabi wanda bai taɓa kiran yayana da wani suna ba sai Baba. Ganawar farko da likitan da ke aiki da allura ta hanyar kallon hoto ita ce abin da na fi yabawa a duk hidimar, kuma zan daɗe a kanta. Bai karɓi rahoton da muka zo da shi a rubuce ya wadatu da shi ba. Ya sa faifan hoton a kwamfuta, ya juyo da allon ya fuskance mu, ya auna ƙarin a gabanmu, sannan ya auna nisansa da babbar hanyar matsarmama da kuma wata jijiyar jini da ke wucewa kusa da shi. Ya ɗauki takarda ya zana ɗan da'ira, ya zana wata babba ta kewaye ta, ya ce wa yayana ta bakin tafinta: “Ya Hajj, wannan ƙaramar ita ce cutarka, wannan babbar kuma ita zan ƙona. Idan na ƙona ƙaramar kawai, za ka dawo mini kafin shekara.” Nufinsa shi ne dole a haɗa da lafiyayyen nama mai kaurin milimita 5 aƙalla, kuma a wannan cuta an fi son ya kai santimita guda ta kowane gefe. Daga nan ne mutum zai fahimci dalilin da ya sa aikin ya fi kyau ga ƙarin da bai wuce santimita 3 ba, yake raguwa a inganci tsakanin 3 da 5, kuma bayan 5 ba a cika dogara da shi ba. Ƙari mai santimita 5 yana bukatar a ƙona wuri mai faɗin santimita 7, wanda allura ɗaya ba ta iya yi a tashi guda.

Ya kuma yi mana bayanin hanyoyin da ake da su da dalilin zaɓinsa. Tsohuwar hanya, wadda aka fara amfani da ita a hanta a farkon shekarun 1990, ita ce ta igiyar rediyo: ana tura wutar lantarki mai kai da komo kimanin sau dubu 500 a daƙiƙa ta bakin allurar, a manna wa mara lafiya wasu faifai a cinya domin wutar ta sami hanyar fita, nama ya yi zafi tsakanin digiri 60 da 100 har ya mutu. Rauninta shi ne idan akwai jijiyar jini mai kaurin da ya wuce milimita 3 a kusa, jinin da ke gudana yakan kwashe zafin, sai gefen ƙarin da ke jingine da jijiyar ya tsira. Hanyar maikurowef, wadda aka yi wa yayana, tana girgiza ruwan da ke cikin nama ne kai tsaye kamar yadda na'urar ɗumama abinci ke yi, tana kai zafi mafi tsanani cikin ɗan lokaci, kuma gudun jini bai cika rinjayarta ba. Jijiyar nan da ya auna ita ce ta yanke hukunci. Akwai kuma daskarewa da iskar argon, inda ake haɗa dunƙulen ƙanƙara a cikin hantar har sanyi ya sauka ƙasa da sifili da digiri 20 zuwa 40, da wata hanya da ba ta amfani da zafi ko sanyi, wadda aka fi sani da sunan na'urarta NanoKnife, mai huda fatar ƙwayoyin cutar da bugun lantarki mai ƙarfin da ke kai bolt 3,000. Ita wannan ta ƙarshe ana ajiye ta ne domin ƙarin da ya manne da babbar hanyar matsarmama, inda zafi zai iya ƙona hanyar ta tsuke har abada. Asibitin ba shi da ita, kuma likitan bai ɓoye hakan ba.

Ranar aikin yayana ya kwana bai ci komai ba tun tsakar dare. An riga an gwada jininsa domin a tabbatar yana daskarewa da kyau, an kuma tambaye shi har sau biyu ko yana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini. Kafin su shiga, na roƙi nas ta nuna mini allurar, ta ɗauko irinta a cikin ledarta: doguwa ce kamar tsinken tsire, tsawonta ya kai taƙi guda, kaurinta bai wuce milimita biyu ba, da siririn bututu da ke kai mata ruwan sanyi domin kada jikinta ya ƙona naman da ta ratsa. An sa masa barci gaba ɗaya saboda ƙarin yana sama kusa da tantanin da ya raba ciki da ƙirji, kuma numfashi na motsa hanta. Saboda wannan kusancin ne ma aka fara zuba ruwan sukari a tsakanin hantar da tantanin domin ya zama katanga. Ƙonawar kanta ba ta kai minti goma ba, amma daidaita allurar ƙarƙashin na'urar siti sikan da sake ɗaukar hoto bayan an gama sun sa mun yi kusan awa biyu muna jira. Da likitan ya fito ya nuna mini hoton kafin da na bayan a jere, ya kuma ce ya ƙona hanyar da allurar ta bi lokacin zare ta, domin hana zubar jini da hana ƙwayoyin cutar bin sawunta zuwa waje. Da magariba yayana ya sha shayi, da asuba ya taka da ƙafarsa ya yi alwala. Ni da na yi jinyarsa kwana goma sha biyu bayan babbar tiyata, da bututu a gefen cikinsa da ɗinki daga ƙirji zuwa cibiya, na san girman wannan bambanci, kuma ban ga laifin duk wanda ya kira shi rahama ba.

Inda hidimar ta gaza shi ne wajen sallama. An sallame mu washegari da rana, wata ma'aikaciya ta miƙo mana takardar magunguna da rasit tana sauri, ba wanda ya zauna ya gaya mana abin da za mu gani a kwanakin da ke tafe. A dare na uku zazzaɓi ya rufe yayana, jikinsa ya mutu, kafaɗarsa ta dama tana ciwo har ba ya iya kwanciya a kanta. Lambar da aka ba mu ta gaggawa ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na zauna a bakin gadonsa a ƙasar da ban san yarenta ba, ina jiƙa tawul ina goga masa, shi kuwa yana cewa: “Kada ka kira gida tukuna, kada ka ta da musu hankali.” Da gari ya waye muka koma, aka yi gwajin jini da sikanin, sannan aka gaya mana cewa wannan sanannen abu ne da ke biyo bayan ƙonawa, jiki ne ke fama da mataccen naman da aka bari a ciki, kuma yakan wuce cikin mako guda ko kwana goma. Ciwon kafaɗar ma daga tantanin nan ne, domin jijiyarsa tana kai saƙo can. Bayanin da bai wuce minti biyar ba ne, da an yi mana shi ranar sallama da ban yi wannan dare ba. Abin da ya fi damuna shi ne zazzaɓin da ba shi da haɗari da wanda ke nuna mugunya ta taru a hanta suna kama da juna a farko, kuma masu wannan cuta sun fi sauran shiga haɗarin, musamman wanda aka taɓa haɗa masa hanyar matsarmama da hanji ko aka sa masa bututu a cikinta. Asibitin da ke karɓar baƙi daga ƙasashen waje ya wajaba ya ba su takarda da ta bayyana wane zazzaɓi ne za a jira, wane ne kuma za a garzayo da shi, wato mai karkarwa da hauhawa, ko wanda ya zo da rawayar ido.

Game da kuɗi, an yi mana lissafi da dala, kuma abu mafi tsada a takardar shi ne allurar kanta, wadda sau ɗaya ake amfani da ita a jefar. Jimlar ta yi ƙasa da ta tiyata nesa ba kusa ba, amma sai da muka sayar da fili kafin mu haɗa ta da kuɗin jirgi da masauki. Farashin da aka faɗa mana tun muna gida bai haɗa da kuɗin likitan sa barci da hoton bayan aiki ba, sai a wurin biya muka gan su. Ina ba duk mai shirin tafiya shawara ya nemi a rubuta masa komai dalla-dalla kafin ya sayi tikiti, har da abin da za a caje shi idan aka bukaci allura ta biyu.

Akwai wani abu da na gani a ɗakin jira wanda har yanzu yana tsaya mini a rai. Wasu 'yan'uwa biyu daga ƙasarmu sun kawo mahaifinsu, idanunsa sun yi rawaya kamar an shafa musu kurkum, yana ta susa saboda ƙaiƙayi. Wani dillalin asibitoci ne ya karɓi kuɗinsu a gida, ya ce musu akwai allurar da ke narkar da sankara ba tare da tiyata ba. Ƙarin dattijon yana daidai mahaɗar manyan hanyoyin matsarmama ne a ƙofar hanta, ya toshe su, kuma ya riga ya bazu. Likitan ya ƙi yin aikin, ya tura su wurin masu sa bututu ta baki domin ruwan ya sami hanya shawarar ta sauka, sannan a duba batun kemo. Babban ɗan ya fito yana share hawaye da hular hannunsa yana cewa an yaudare su, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai ba a wannan ɗakin aka yaudare su ba. Ƙin da likitan ya yi ya ƙara masa daraja a idona fiye da nasarar aikin yayana, domin kuɗin suna hannunsu kuma a shirye suke su biya. Kafin kowa ya biya dillali ko sisi, ya fara aika faifan hoton ga likitan da zai riƙe allurar da hannunsa, ya ji daga bakinsa cewa ƙarin yana cikin girman da ya dace, yana nesa da manyan hanyoyin, kuma cutar ba ta fita daga hanta ba.

Ya kamata kuma a faɗi matsayin wannan aiki a wurin masana ba tare da ƙari ba. Tiyata ce har yanzu hanyar da aka fi dogara da ita wajen neman warkewa, ko da yake kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ne kawai ake samu a matakin da za a iya yi musu. Hujjojin da ke goyon bayan ƙonawa a wannan cuta sun fito ne galibi daga bibiyar marasa lafiya ƙalilan a asibitoci daban-daban, ba daga babban gwajin da ya kwatanta ta da tiyata kai da kai ba. Allura tana kashe abin da ido ya gani a hoto ne kawai. Abin da ya ɓuya a ƙulluwan da ke kewaye da hanta ko ya shiga jini sai magani, wato jemsitabin da sisfilatin da suka zama ginshiƙi tun gwajin da aka yi a Birtaniya aka buga sakamakonsa a 2010, da durbalumab mai ƙarfafa garkuwar jiki da Amurka ta amince a haɗa da su a 2022. Wasu masu cutar, kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, suna da wani sauyi a ƙwayar halitta mai suna FGFR2 wanda ke da nasa maganin na musamman tun 2020. Saboda haka ne na ji daɗin yadda likitan ya ɗebi ɗan nama daga ƙarin kafin ya ƙona shi, domin bayan an ƙona babu abin da za a iya gwadawa.

Wata guda bayan aikin aka yi hoton farko a Kano, kuma a nan ma mun sha wani tashin hankali da ya kamata in gargaɗi wasu a kansa. Rahoton ya ce akwai wuri mai faɗin santimita 4.5 a hanta. Matar yayana ta ji lambar ta kwatanta da 2.4 na farko, ta fashe da kuka tana cewa: “Malam, ashe ƙaruwa ya yi.” Sai da na ɗauko takardar nan mai da'ira biyu, wadda na adana a cikin fasfo, na nuna mata cewa babbar da'irar ce ake gani, wato wurin da aka ƙona. Abin da ake dubawa shi ne ko gefensa yana shan ruwan hoton da ake ɗurawa ta jijiya, domin mataccen nama ba ya sha, mai rai ne ke sha. Nasa bai sha ba. Wanda zai karanta irin wannan hoto dole a gaya masa an yi ƙonawa, a kuma ba shi hotunan baya ya kwatanta, in ba haka ba zai rubuta abin da zai firgita gida gaba ɗaya. Mun aika wa likitan Alƙahira faifan ta intanet, ya amsa bayan kwana biyu da saƙon murya, bai kuma nemi ƙarin kuɗi ba.

Idan aka tambaye ni ko zan sake kai wani nawa wurin, zan kai shi saboda likitan da hannunsa da gaskiyarsa, amma zan tsaya a kan ƙafata ranar sallama har sai an yi mini bayani an kuma ba ni lambar da ake ɗauka da dare. Yanzu wata tara ke nan da aikin. Ana yi wa yayana hoto da gwajin jini na CA 19-9, mai nuna alamar wannan sankara, duk bayan wata uku, yana kuma shan maganin ciwon hanta nau'in B kullum ba fashi. Wurin da aka ƙona ya ragu zuwa santimita 3.6 kuma gefensa a bushe yake. A hoton da ya gabata an ga wani ƙullu kusa da ƙofar hanta ya ɗan tasa, likitansa na Kano ya ce a maimaita hoton bayan mako shida maimakon wata uku, kuma ranar Talata mai zuwa ce za mu koma.